Yadda bot ya ga asarar fam 184 alhali asusu ya zubar da 250

Lamarin da zan warware a nan na wani ƙaramin bot ne, wato manhajar da ke aiki ba sai mutum ya taɓa ta ba, da ke zuba kuɗi da kansa a tseren karnuka na Ingila. Mai shi wani Bature ne da muke aikin manhaja tare, shi ya rubuta abinsa da Python, ya kafa masa doka cewa da zarar asara ta kai fam 200 ya tsaya cak, amma a dare ɗaya bot ɗin ya zarce fam 640 kafin ya ja birki, kuma in ka bi kod ɗin layi-layi babu inda aka tara ko aka ɗebe ba daidai ba. Ya turo min log ɗin ne, wato rubutaccen bayanin abin da bot ya yi da lokacin da ya yi shi, don in taya shi dubawa. Kafin wani ya ce min komai, eh na sani, caca haramun ce, aya ta 90 a Suratul Ma'ida ba ta bar wata ƙofa ba, kuma ba tallanta nake yi ba. Abin da ya ja ni shi ne matsalar kanta, don irinta ce ke cin masu rubuta manhajar banki da ta POS da ta sayar da tikiti.

Sai an fahimci filin tukuna. Betfair, shafin da bot ɗin ke zuba kuɗi a kai, wanda Andrew Black da Edward Wray suka buɗe a Landan a 2000, ba kamar shagon caca da aka saba ba ne inda kamfani ke ba ka farashi. Kasuwar musanya ce, mutum da mutum, wani ya yi "bak" wato ya ce wannan kare zai ci, wani ya yi "le" wato ya ce ba zai ci ba, kamfanin kuma ya yanki kamisho a kan ribar wanda ya ci. Kowane tsere kasuwa ce mai zaman kanta da lambarta, farashi kuma daga 1.01 yake har 1000. Mai yin le shi ne ke cikin hatsari, don in ya karɓi zubin fam 10 a farashin 3.0 to ribarsa fam 10 ce in kare ya faɗi, in kuwa kare ya ci sai ya biya fam 20, wato zubi sau farashi a cire ɗaya. Wannan kuɗin da zai iya fita shi zan dinga kira nauyi.

Tseren karnuka kuma yana da halinsa. Karnuka shida ne a kowane tsere, gudun bai cika wuce rabin minti ba, filaye irin su Romford da Hove da Monmore da Sheffield suna ta sakin nasu bi da bi, wani lokaci tazarar minti biyu ko uku tsakanin wannan fili da wancan. Kuɗi ba ya shigowa kasuwar sai dab da a saki karnuka, galibi ma ana rufe ta da an tashi. Ɗan adam ba zai iya zama yana bin wannan daga rana har dare ba, shi ya sa bot ya yi yawa a wurin.

Dabarar mutumin nan tsohuwa ce. A kowane tsere bot ya yi le a kan karen da aka fi sa wa rai, yana neman ribar fam 2 kacal. In karen ya ci aka yi asara, sai a tara asarar a cikin wani bariyebul, wato ɗan gurbin da manhaja ke ajiye lamba ta dawo ta karanta, shi kuma ya raɗa masa suna "asara". Tsere na gaba ya karanta gurbin, ya ƙara fam 2, ya raba da 0.95 saboda kamishon kashi 5 cikin ɗari da ke kan asusunsa, abin da ya fito shi ne sabon zubi. In an ci, a mayar da gurbin sifili a sake daga farko. Ka ga dole gurbin nan ya zama na kowa da kowa, don kasuwar ƙarfe bakwai da rabi ba ta da hanyar sanin abin da ya faru a ta ƙarfe bakwai da kwata sai ta nan.

Ba shi ya ƙirƙiro raba lamba tsakanin kasuwanni ba. Manhajojin da ake saya a shirye duk suna da shi, a Bet Angel kana iya ajiye lamba a matakin kare ɗaya ko kasuwa ɗaya ko wasa gaba ɗaya ko manhajar dungurungum, a MarketFeeder Pro ma in za ka kafa bariyebul sai ka zaɓa ko na kasuwa ɗaya ne ko na duniya duka. Masu rubuta nasu da Python da yawa suna ɗora shi ne a kan shiryayyun kod irin su betfairlightweight ko flumine. Ko'ina dai tambayar ɗaya ce, wa ke da ikon rubutawa a gurbin, kuma lambar da ke ciki labarin wane lokaci take bayarwa.

Toh ga abin da log ya nuna. Na daidaita farashin duka zuwa 3.0 don lissafi ya biyu da sauƙi, a zahiri suna ɗan hawa da sauka kusa da nan.

An riga an faɗi sau uku a jere. Zubin farko fam 2.11 ya tafi da 4.22, na biyu fam 6.55 ya tafi da 13.10, na uku fam 20.34 ya tafi da 40.68, gurbin asara ya tsaya a fam 58 daidai. Har nan komai lafiya lau, haka aka tsara. Sai tsere na huɗu, bari in kira shi A. Bot ɗin yana zubawa ne saura daƙiƙa 30 ga lokacin da ke rubuce a jadawali, ba ruwansa da ko an saki karnuka ko ba a saka ba. Ya karanta 58, ya fitar da zubin fam 63.16, nauyi 126.32, ya shiga. Sai aka samu jinkiri a wannan filin, abin da ke faruwa kullum, na'urar zomon roba da karnuka ke bi ta yi gardama ko a sake duba wani kare. Minti uku suka wuce A bai tashi ba, lokacin tsere B ya yi a wani filin. B ya leƙa gurbi ya ga 58, shi ma ya zuba 63.16. Bayan minti biyu C ya zo, A ya gudu a lokacin amma ba a rufe lissafin kasuwarsa ba tukuna, B ma haka, C ya leƙa ya ga 58, ya zuba 63.16.

A daidai wannan minti akwai fam 378.96 na mutumin nan a waje suna lilo, gurbin kuma yana nan yana cewa 58, dokar tsayawa tana kallon 58 tana cewa ai da sauran hanya kafin 200. Kuma gurbin bai yi ƙarya ba fa, asarar da aka tabbatar 58 ce. Kawai dai tambayar da ake masa ba ita ce wadda ya san amsarta ba. Bot yana tambayar "nawa nake ciki yanzu", gurbi yana amsa "nawa ka faɗi a tseren da aka gama rufewa".

Wannan kashi na farko kenan, kuma shi kowa ke hangowa. Na biyun ne ya fi ban haushi. Yadda ya rubuta kod ɗin, kowace kasuwa in ta karanta gurbi sai ta riƙe kwafinta a hannu, in sakamako ya fito ta yi lissafi da wannan kwafin ta rubuta sabuwar lamba a kan duk abin da ta tarar. Sakamakon A ya fito, kare ya ci, A ta ɗauki 58 ɗinta ta ƙara 126.32 ta rubuta 184.32. Daidai ne. Sakamakon B ya fito, kare ya faɗi, an samu fam 60 bayan kamisho, a tunanin B ta gama maido da komai tunda 58 ta sani, sai ta rubuta sifili. Nan take asarar A ta ɓace daga ƙwaƙwalwar bot kamar ba a yi ba. Sai C, kare ya ci, C ta ɗauko tsohuwar 58 ɗinta ta ƙara 126.32 ta rubuta 184.32 a kan sifilin B. Kamar shago ne da yara uku ke riƙe da littafin bashi ɗaya, kowa ya kwafe jimillar safe a tafin hannu, da yamma ya zo ya goge abin da ya samu a shafi ya rubuta tasa.

Yanzu yi lissafin gaskiya. 58 a ƙara 126.32 na A, a cire 60 na B, a ƙara 126.32 na C, ya zama fam 250.64. Asusu ya san haka, bot bai sani ba, shi 184.32 yake gani, bambancin fam 66.32 ya faɗa tsakanin rubutu biyu. Da ya ga 250 da ya tsaya tunda ta wuce 200. Da ya ga 184 sai ya ci gaba, ya fitar da zubin fam 196.13 a tsere na gaba, nauyi 392.26, karen kuma ya ci. A nan gurbi ya nuna 576.58 bot ya tsaya, asusu kuma ya ragu da 642.90.

Abin da ya sa mutumin ya kasa gano matsalar shi ne lambar ƙarshen ta yi kama da ta gaskiya. 576.58 ita ce daidai abin da za ka samu in an faɗi sau biyar a jere cikin tsari, don haka ya ɗauka rashin sa'a ce kawai, sai da ya kwatanta da bayanin asusu ya ga akwai fam sittin da wani abu da ba su da uwa ba su da uba. Log ɗinsa ma bai taimaka ba da farko, yana rubuta "asara ta koma kaza" amma ba ya rubuta wace kasuwa ce ta rubuta ko me ta tarar a ciki kafin ta rubuta. Sai da muka jera lokutan zubi gefe guda, lokutan rufe lissafi gefe guda, sannan layuka uku masu 63.16 suka fito a jere kamar an buga su da hatimi ɗaya.

Ya ce min ai ya gwada dabarar a kan tsoffin sakamako na watanni kuma bai taɓa ganin haka ba. Na ce masa ba zai gani ba, don gwajin nasa yana ɗaukar tsere ɗaya ya gama shi ya rufe sannan ya ɗauki na gaba, a cikin fayil babu jinkiri, babu zomon roba da ke lalacewa. Duniyar gwajin tana tafiya a layi ɗaya, ta gaske kuma tana hawa kan juna.

Akwai kuma aibi na uku da ba shi da alaƙa da hawa kan juna. Dokar tsayawar tana duba abin da aka riga aka rasa ne, ba ta duba abin da ake shirin ɗorawa. Ko da komai ya tafi a tsari, a 184.32 za ta bar zubi mai nauyin 392 ya wuce, don 184 bai kai 200 ba. Wato iyakar "fam 200" ɗin tasa tun asali iyakar fam 577 ce, shi ne bai lura ba.

Gyaran da muka yi ba wani abin burgewa ba ne. Na farko aka hana kasuwanni rubuta jimilla. Kasuwa ba ta da ikon cewa "asara yanzu kaza ce", iyakarta ta aiko da saƙo cewa ni lamba kaza an rufe ni da ribar 60 ko asarar 126.32, wuri guda ne tak ke karɓar saƙonnin a layi yana ƙarawa ko ragewa. Da haka sifilin B ba zai taɓa goge A ba. Na biyu aka buɗe gurbi na daban na kuɗin da ke kan hanya, wanda ake ƙara wa nauyi tun kafin a aika zubin, ba bayan amsa ta dawo ba, don tsakanin aikawa da dawowar amsa ma wata kasuwar na iya leƙowa. Dokar tsayawa ta koma tana tara abu uku, asarar da ta tabbata da nauyin da ke waje da nauyin sabon zubin, in jimilla ta haura iyaka ba a shiga. Na uku, sarƙar ramuwar, wato jerin zubin da ke neman maido da asara, ta zama kasuwa ɗaya ce ke riƙe da ita a lokaci guda, in A na riƙe da ita to B da C su wuce kawai ba zubi.

Wannan na ukun ne ya fi cin lokaci, don riƙewa sauƙi ne, sakewa ce matsala. In aka soke tsere aka mayar wa kowa kuɗinsa, babu ci babu faɗuwa, tsohon kod ɗin ba shi da reshe na wannan, don haka sarƙar za ta maƙale a hannun kasuwar da ta mutu bot ya zauna shiru har gari ya waye. In ka nemi le na fam 196 kasuwar ta samo maka masu bak na fam 80 kawai, sauran ya soke da aka tashi, to nauyinka na 80 ne ba na 196 ba, kuma ko ka ci ba ka rama duka ba, alhali tsohon kod sifili zai rubuta. In kwamfuta ta mutu ta tashi a tsakiyar tsere, duk gurbin da ke cikin ƙwaƙwalwa ya tafi. Ni a nan shawarata ita ce a daina amincewa da abin da bot ya tuna, a tambayi wanda ke riƙe da kuɗin. Betfair na da kira da ake ce wa listClearedOrders mai ba ka zubin da aka rufe, da listCurrentOrders mai ba ka waɗanda ke buɗe, kuma kana iya liƙa wa kowane zubi ɗan tambari na customerStrategyRef, haruffa 15 iyakarsa, don ka ware na wannan dabarar daga na wata. Kafin kowane zubi bot ya sake gina lambobin daga can, abin da ya ajiye a SQLite, ma'ajiyar bayanansa ta cikin kwamfuta, ya zama na kwatantawa ne kawai, in biyun suka saɓa ya tsaya ya turo saƙo.

Da muna cikin kod ɗin na ci karo da wani ƙaramin abu a ɓangaren ƙwallon ƙafa da yake gwadawa, akasin wancan ne, lamba ce da bai so a raba ba amma ta rabu. Yana ajiye farashin farko na "sama da ƙwallo 2.5" da lambar zaɓin kaɗai, wato lambar da Betfair ke ba kowane abin da ake zubi a kansa, alhali wannan lambar iri ɗaya ce a duk wasanni, haka ta kunnen doki, 58805 ce ko a Firimiya ko a La Liga. Ranar Asabar ƙarfe uku da wasanni ke tashi tare, kowane wasa yana taka farashin ɗan'uwansa. Maganinsa layi ɗaya ne, a haɗa lambar kasuwa da lambar zaɓi su zama makulli. Sai kuma gurbin "ribar yau" da yake sharewa da sha biyun dare, lokutan da ke zuwa daga Betfair na UTC ne, wato agogon duniya da ba ya canzawa, agogon Ingila kuma yana matsawa awa ɗaya daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba, don haka fiye da rabin shekara "yau" ɗinsa da ta kwamfutar ba ɗaya ba ce.

Kar a ɗauka ƙananan masu kod ne kawai irin wannan ke kamawa. Ranar 28 ga Disamba 2011 a filin Leopardstown na Ireland, doki mai suna Voler La Vedette na gab da cin tsere a fili ƙarara, sai ga wani bot yana tayin le a kansa a farashin 29, tayin da ya haura fam miliyan 21, nauyinsa ya doshi fam miliyan 600, daga asusun da ba shi da ko kusa da haka. Mutane suka yi rububin karɓa, daga baya Betfair ya soke duk zubin da aka yi bayan tashin tseren, ya ce matsalar na'ura ce ta bar tayin ya tsallake shingen da ke duba nauyin asusu. Wannan shingen ma ai lamba ce guda da duk kasuwannin asusu ke dogaro da ita.

Bayan gyara bot ɗin ya zama mai gaskiya, lambar da yake gani ita ce ta asusu. Amma na faɗa wa mai shi ra'ayina, kuma bai ji daɗi ba. Tseren Hove da na Sheffield ba su san da juna ba, karen da ke gudu a nan ba ruwansa da wanda ya ci a can, gurbin asara ne kaɗai ya ɗaure su, kuma ɗaurin bai ƙara wa kowane zubi daraja ko ta kobo ba. In farashin 3.0 daidai yake, kare zai ci sau ɗaya cikin uku, faɗuwa biyar a jere kuma sau ɗaya ce a cikin sarƙa 243. Sauran 242 ɗin kowacce ta kawo fam 2, jimilla 484, ta ƙarshen ta tafi da 576.58. Giɓin fam 92 da ɗoriya, kamisho ne ya ci shi. A matsakaici sarƙar na tsinkewa duk bayan tsere 363, bot mai shiga tsere 60 a rana kenan kusan duk kwana shida. Sabuwar dokar tsayawa ta rage girman faɗuwar, yanzu a 184 ake tsayawa bayan faɗuwa huɗu, amma ita kuma sau ɗaya ce cikin 81, wato fam 160 ke shiga 184 na fita.

Ya cire ramuwar daga baya, ya koma zubi iri ɗaya a kowane tsere, gurbin da aka raba ya rage aikinsa ɗaya, ya hana shiga in nauyin da ke waje ya yi yawa. Abin da har yanzu bai warware ba shi ne yana son ya kunna kwafi biyu na bot ɗin, ɗaya a kwamfutar gida ɗaya a sabar haya, wato kwamfutar da ake haya ta intanet, don in ɗaya ya mutu ɗaya ya ci gaba. Kowanne da SQLite ɗinsa, kowanne da nasa gurbin na kuɗin kan hanya, kuma tsakanin lokacin da na gida ya yanke shawarar zubawa da lokacin da zubin zai bayyana a listCurrentOrders akwai ɗan taƙi da na sabar haya zai leƙa ya ga babu kowa. Na ce ya bar ɗaya ne kawai ke da ikon aika zubi, ɗayan ya zauna yana sauraron bugun na farko, wato ɗan saƙon da yake aikowa a kai a kai cewa yana raye, sai ya yi shiru na wani lokaci sannan ya karɓa. Yanzu gardamarmu a kan tsawon wannan lokacin take, shi yana son daƙiƙa goma, ni na ce sai ya wuce tsawon lokacin da intanet ɗin gidansa kan ɗauke ya dawo, in ba haka ba su biyun za su farka tare a kan tsere ɗaya.